Abincin sahur da ya iso bayan asuba: abin da ke sa sauti da bidiyo sarƙewa a na'urorinmu

A azumin da ya wuce kawuna ya ɗora mini aikin ɗaukar karatun da ake yi a wani masallacin unguwa a Tudun Wada ta Zariya, domin tsofaffin da ba sa iya fitowa da 'yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal su riƙa samu ta WhatsApp. Na zo da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ba ta cika wata uku a hannuna ba, na haɗa ta da makirfo mai kyau. Daren farko na koma gida na saka abin ji a kunne. Muryar alaramma tana tafiya sumul, can sai ƙas, kamar an taka busasshen kara, harafi ɗaya ya ɓace. Bayan minti biyu ko uku, ƙas kuma. Mai jan baƙi ya ja ayarsa daidai, na'urata ce ta gutsure ta, kuma harafi ɗaya a Alƙur'ani ba abin da zan yarda ya tafi a banza ba ne.

Kawu ya saurara har sau biyu, ya ce, "Ba kai ka ce injin nan ya fi na wurin aikinku ƙarfi ba?"

Na ce, "Ya fi shi, Kawu."

Ya ce, "To ina ƙarfin ya tafi?"

Washegari na bi ta PZ, wani mai gyara ya ce in ƙara ram, wato ma'ajin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Shawarar da ake ba kowa ke nan, kuma wani lokaci tana yin amfani. Ni kuwa na riga na duba: ram ɗina ko rabi ba a ci ba, furosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar da ke yin duk lissafin na'ura, kusan hutawa take yi. Tambayar Kawu ita ce tambayar da masana kwamfuta suka shafe shekarun 1990 suna kokawa da ita, kuma amsarta tana cikin babbar manhaja, wato Android ko Windows ko Linux ko iOS, wadda ke tsakanin ƙarfen na'ura da manhajojin da muke taɓawa. Ita ke yanke wanda zai hau furosesa yanzu, wanda zai jira, da tsawon jiran.

Ayyukan da muke ba kwamfuta iri biyu ne. Idan kana buɗe takardar digirinka ta yi jinkirin rabin sakan, takardar tana nan yadda take, ba abin da ya ragu a cikinta. Idan kana kwafe fayil zuwa filashi, ko ya gama yanzu ko bayan minti ɗaya, fayil ɗin ɗaya ne. Sauti da bidiyo ba haka suke ba. Su kamar abincin sahur ne: komai daɗinsa, idan ya iso bayan alfijir ya keto, ba shi da amfani ga mai azumi. Guntun sautin da ya makara sai dai a zubar, domin wurinsa ya riga ya wuce, kuma kunne ya riga ya ji ramin da ya bari.

Bari mu sa adadi a maganar. Kwamfuta ba ta ajiye murya yadda take, aunawa take yi. A faifan CD ana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, a aikin bidiyo kuma galibi sau 48,000. Katin sauti ba ya miƙa waɗannan awo ɗaya bayan ɗaya, tara su yake a ɗan ma'aji, idan ya cika ya kira babbar manhaja ta zo ta kwashe. Ma'ajin da na saita a daren farko mai ɗaukar awo 128 ne. Raba 128 da 48,000, za ka samu ƙasa da milisakan uku, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Ma'ana, kusan sau 375 a kowane sakan dole manhajar ɗaukar sauti ta hau furosesa ta kwashe abin da aka tara, tun daga buɗe karatu har addu'ar rufewa. Aikin da za ta yi a kowane hawa ɗan mitsitsi ne. Amma a tsawon sa'a ɗaya hawan ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kuma duk wanda ta makara sosai sai an ji ƙas.

Bidiyo ya fi sassauci ta fuskar lokaci, ya fi nauyi ta fuskar kaya. Tsarin talabijin da muka gada a Najeriya yana nuna hoto 25 a sakan, wato kowane hoto yana da milisakan 40. Allon wayoyi da yawa yana sabunta kansa sau 60 a sakan, abin da ya bar wa kowane hoto ƙasa da milisakan 17. Hoto ɗaya mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, idan ba a matse shi ba, ya kusa megabait uku. Guda 25 a sakan ya kama kusan megabait 69. Datar gigabait ɗaya da ka saya za ta ƙare kafin sakan 15. Shi ya sa dole a matse, kuma shi ya sa dole na'ura ta warware matsin kafin ta nuna, a cikin wannan ƙanƙanin lokaci. Tsare-tsaren MPEG-1 na farkon shekarun 1990, wanda faifan VCD da ya cika shagunan Sabon Gari ya dogara da shi, da H.264 na 2003 da har yau ke ɗauke da mafi yawan bidiyon da muke turawa juna, duk wannan aikin suke yi.

Maganin da ya fi sauƙi kowane bazazzagi ya san shi, don kuwa mun daɗe muna fama da ruwa. Famfo ba ya zuwa kullum, ɗan garuwa ma ba shi da ƙayyadajjen lokaci, amma a gida ana shan ruwa kowace sa'a, saboda akwai randa. Abin da YouTube ke yi ke nan idan ya tara sakan masu yawa a gaba kafin ka iso wurin: sabis ya yanke na ɗan lokaci, kai kana sha daga randa ba ka sani ba. Da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo alama ce randa ta ƙafe. Daga 2009, lokacin da Apple ya fito da tsarin HLS, sannan MPEG-DASH ya biyo baya a 2012, an ƙara wata dabara: ana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ajiye ta da inganci iri-iri, na'urarka tana duba yawan ruwan da ya rage a randa ta zaɓi wadda za ta iya ɗaukowa a kan lokaci. Shi ya sa idan ka bar Kwangila ka nufi hanyar Funtuwa hoton yake dushewa amma maganar ba ta tsaya ba.

Sai dai randa tana da farashi, farashin kuwa jinkiri ne. Ruwan da ke cikinta na ɗazu ne. Ga mai kallon wa'azin da aka ɗauka jiya wannan ba komai ba ne. Ga mai magana da mahaifiyarsa da ke Makka ta kiran bidiyo, babbar matsala ce. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi yadda aka saba. Da ya haura haka sosai sai ka ga mutum biyu suna ta katse juna, kowa yana "ina jinki, Hajiya", "a'a, faɗi naka", alhali ba wanda ya yi rashin ladabi. Mai ɗaukar waƙa ko karatu da ke sauraron muryarsa a kunne yana yi, shi ko milisakan 20 yana damunsa. Saboda haka a inda ake buƙatar amsa nan take, dole randa ta zama ƙarama, ƙaramar randa kuwa tana buƙatar mai kawo ruwa da ba ya saɓa lokaci. Nan ne maganar ta dawo kan babbar manhaja.

A cikin kowace babbar manhaja akwai wani sashe da aikinsa rabon lokacin furosesa. Ka ɗauke shi kamar mai injin niƙa a unguwa, inji ɗaya, kwanoni a jere. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969 a Amurka, kuma wanda Linux da Android da iOS duk suka sha daga tafkinsa, an gina shi ne don mutane da yawa su yi tarayya a kwamfuta ɗaya. Abin da ya dame shi adalci ne: kowa a ba shi ɗan lokaci, a sauke shi, a ɗora na gaba, kada mai buhun masara ya hana kowa. Tsari ne mai kyau, kuma ya yi wa duniya aiki. Amma ga yarinya ta zo da ɗan kwanon tattasai da tumatir, tukunya tana kan wuta a gida, magariba ta kawo jiki. Niƙanta ba zai ci minti ɗaya ba, sai dai yanzu take buƙatarsa. Mai injin da ya san adalci kawai zai ce ta bi layi, kuma da gaskiyarsa, amma miyar ta ƙone.

Abin da zai fara zuwa a ran mutum shi ne a ce duk mai sauti ko bidiyo ya wuce gaban layi, shi ke nan. An gwada. A 1993 Jason Nieh da abokan aikinsa sun jarraba wannan a kan Unix na kamfanin Sun: suka kunna bidiyo, da aikin rubutu, da wani lissafi mai nauyi a lokaci guda. Da suka bar komai a tsarin adalci, bidiyon ya lalace. Da suka ɗaga bidiyon zuwa matakin da ba mai sauke shi, sai abin ya ƙara muni, domin ya mamaye furosesa har manhajar da ke zana hoton a allo ta rasa lokaci, na'urar ta daina sauraron mai ita. Wannan sakamakon ya daɗe yana burge ni, saboda ya nuna fifiko tsagwaronsa bai isa ba. Bidiyon yana dogara da wasu ma'aikata, idan ka danne su don ka girmama shi, shi ma ka kashe shi.

Akwai wani ilimi da ya girmi wannan, wanda ya fito daga masu sarrafa injunan masana'antu da na sararin samaniya. A 1973 C. L. Liu da James Layland suka wallafa lissafin da har yau ake koyarwa. Suka ce ka ɗauki ayyukan da ke dawowa a kai a kai, kowanne ka san tsawon aikinsa da tazarar dawowarsa. Idan ka ba wanda ya fi saurin dawowa fifiko na dindindin, kana da tabbacin ba wanda zai makara muddin jimillar nauyin bai wuce kusan kashi 69 cikin ɗari na ƙarfin furosesa ba, komai yawan ayyukan. Idan kuwa a kowane lokaci ka duba wanda wa'adinsa ya fi kusa ka fara da shi, za ka iya cika furosesa har kashi ɗari ba wanda ya makara. A ce sauti yana son milisakan 2 a kowane 10, kashi 20 ke nan. Bidiyo yana son 20 a kowane 40, kashi 50. Jimilla 70, za su zauna lafiya a tsari na biyun. To sai na uku ya zo yana neman kashi 40.

A nan ne, a ganina, zuciyar maganar take. Babu dabarar da za ta fitar da kashi 110 daga cikin 100. Ko dai a ce wa na ukun babu wuri, ko a karɓe shi duka ukun su lalace. Waɗanda suka riƙe waya tun shigowar GSM a 2001 sun san na farkon: idan layi ya cika kiranka ba ya shiga, amma wanda nasa ya shiga yana magana lafiya. Kiran intanet kuwa ba ya mayar da kowa, kowa ya shigo, idan hanya ta cushe muryar kowa ta tsinke. Babbar manhajar da ke son cika alƙawarin lokaci dole ta iya cewa a'a, masu sayen na'ura kuma ba sa son jin a'a daga abin da suka biya kuɗi. Wannan jayayya ba a gama ta ba har gobe.

Kuma lissafin Liu da Layland yana da wani gurbi idan aka kawo shi kan bidiyo. Yana ɗauka ka san tsawon kowane aiki tun kafin a fara. Matsattsen bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana ajiye cikakke jefi-jefi, sauran kuma bambancin da ke tsakaninsu da na kusa da su kawai. Malam yana zaune a kan buzu, bango ba ya motsi, bambancin kaɗan ne, aikin warwarewa ba nauyi. Ka juya kyamara zuwa hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau, dawaki suna sukuwa, ƙura ta tashi, rawuna da alkyabbu suna kaɗawa, kusan kowane ɗigo ya canja. Idan ka ware wa bidiyo lokaci gwargwadon hoto mafi nauyi, yawancin lokaci furosesa tana zaman banza. Idan ka ware gwargwadon matsakaici, ranar hawa ya ƙetare rabonsa ya cinye na sauti.

Amsar da masu bincike suka kawo ita ce kason da aka keɓe. A jami'ar Carnegie Mellon, a 1994, Clifford Mercer da Stefan Savage da Hideyuki Tokuda suka gina tsarin da manhaja za ta nemi, misali, milisakan 10 a kowane 40, babbar manhaja ta duba ko akwai wuri, in akwai ta ba ta, ta kuma riƙa auna abin da ta ci don kada ta shiga rabon wani. A 1998 Luca Abeni da Giorgio Buttazzo a birnin Pisa na Italiya suka tace dabarar: wanda ya cinye kasonsa ba a kore shi, ana dai tura wa'adinsa gaba, sai ya zama shi kaɗai ke ɗanɗana sakamakon nauyinsa, maƙwabtansa ba ruwansu.

A jami'ar Kambirij da ke Ingila, Ian Leslie da abokan aikinsa suka tafi nesa fiye da haka, suka gina babbar manhaja sabuwa fil mai suna Nemesis a tsakiyar shekarun 1990. Abin da suka lura da shi ya shafi matsalata kai tsaye. A tsarin da aka saba, aiki mai yawa ana yin sa ne a cikin babbar manhajar kanta a madadin wasu: karɓar saƙonnin intanet, karanta faifai, zana allo. Wannan lokacin ba a rubuta shi a kan kowa, saboda haka manhaja ɗaya tana iya jawo aikin da zai hana wata numfashi ba tare da lissafi ya kama ta ba. Nemesis ta mayar da mafi yawan wannan aiki cikin kowace manhaja, ta yi abinta da lokacinta, a caje ta. Tunani ne mai tsabta ƙwarai.

Amma ba Nemesis muke riƙe da ita a aljihu ba. Haka BeOS, wadda Jean-Louis Gassée ya gina musamman don sauti da bidiyo, kamfaninta ya ƙare a hannun Palm a 2001. Dalilan a fili suke. Mutane ba sa barin manhajojin da suka saba don sabon gida da ba kowa a ciki. Furosesa ta yi ta ƙara sauri, sannan ta zama mai kawuna biyu, huɗu, takwas, layin niƙa ya rabu. Aikin warware bidiyo kuma aka ɗauke shi daga furosesa aka ba wani ɗan sashe na musamman a cikin guntun na'urar, wanda ba abin da ya iya sai wannan. Shi ya sa wayar itel ko Tecno mai sauƙin kuɗi take nuna bidiyon H.264 lami lafiya, amma ka ba ta wani sabon tsarin matsi da guntunta bai sani ba, ta yi zafi tana tsalle-tsalle. Mutane da yawa suka ɗauka ƙarfi ya kashe matsalar.

Bai kashe ta ba, kuma shaidar ita ce dabarun nan sun dawo ta ƙofar baya ɗaya bayan ɗaya. Windows Vista ta zo a 2007 da sashen da ke ɗaga masu sauti da bidiyo sama, amma ya bar wa sauran ayyuka kashi 20 cikin ɗari, darasin 1993 ke nan. A can ma an ga yadda abubuwan suke a sarƙe: don kare sauti, Vista ta taƙaita saƙonnin da katin sadarwa zai karɓa zuwa goma a kowane milisakan, sai masu layi mai sauri suka ga kwafe fayil yana ja da baya da zarar sun kunna waƙa. Android 4.1 a 2012 ta ɗaure zanen allo da bugun sabuntawarsa don hoto ya daina karkarwa. Linux ta karɓi tsarin mai wa'adi mafi kusa a 2014, da kason Abeni da Buttazzo a cikinsa, kuma yana iya ƙin karɓar aiki idan ba wuri. A 2024, bayan kusan shekara ashirin ana aikin a gefe, gyare-gyaren da ke sa Linux ta iya katse kusan duk abin da take yi don aiki mai gaggawa suka shiga asalin manhajar. Daga takardar 1973 zuwa Linux ta 2014 shekara 41 ne.

Akwai wani ɓangare da ban taɓo ba, haɗa baki da murya. Katin sauti yana da agogonsa, allo yana da nasa, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu goma kawai zai tara kusan sulusin sakan a sa'a ɗaya. Ralf Steinmetz ya auna a 1996 cewa mutane ba sa lura muddin tazarar ba ta wuce kamar milisakan 80 ba, kuma mun fi haƙuri da muryar da ta biyo baya fiye da wadda ta riga baki, tunda haka muka saba a duniya: kana hango mai faskare daga nesa, gatari ya sauka, sannan ƙarar ta iso. Abin da yawancin manhajoji ke yi shi ne su mai da sauti liman, hoto ya bi shi. Idan hoto ya makara a yar da shi a wuce. Ido yana yafe hoton da ya ɓace, kunne ba ya yafe rami.

Na dawo kan kwamfutata. Na saka wata ƙaramar manhaja da ke auna wanda ke riƙe furosesa fiye da ƙima, ta nuna mini mai laifin: ɗan direban katin Wi-Fi, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin. Lokaci-lokaci yana leƙa sararin unguwa yana neman sabis, kuma yayin da yake yi yana aiki a matakin da manhajar ɗaukar sauti ba ta isa ta katse shi ba. Riƙon na 'yan milisakan ne, ma'ajina kuma bai kai uku ba. A awon yawan aiki ba za ka taɓa ganinsa ba, domin a jimlace bai kai komai ba. Wannan shi ne aikin da ba a rubuta a kan kowa ba, wanda mutanen Kambirij suka yi magana a kai shekara talatin da suka wuce. Na kashe Wi-Fi, na ƙara ma'ajin zuwa awo 1,024, wato kamar milisakan 21, tunda ɗauka nake yi ba hira ba, jinkirin bai cutar da kowa ba. Ƙas ya tafi. Saura guda ɗaya a dare na huɗu, daidai lokacin da aka ɗauke wuta: kwamfutar ta koma kan batir, ta rage gudun furosesa don tattali, a daidai wannan juyin wani wa'adi ya kuɓuce. Shi ma na gyara saitin, na hana ta rage gudu ko a kan batir.

Wannan na ƙarshen shi ne ya tsaya mini a rai, domin nan ne binciken ya zama namu. Mafi yawan lissafin da na ambata an yi shi ne a kan na'urar da ke da wuta tsayayya, a ɗaki mai sanyi, furosesa tana gudu ɗaya. Wayar da ke hannun ɗalibi a Samaru ko ɗan kasuwa a Sabon Gari ba haka take rayuwa ba. Gudun furosesarta yana hawa yana sauka don kare batir. Kawunanta ba ɗaya ba ne, wasu masu ƙarfi wasu masu tattali, tsarin da kamfanin ARM ya gabatar a 2011, saboda haka milisakan biyu a wannan kai ba biyu ba ne a wancan. A zafin Maris da Afrilu, waya tana caji tana kuma ɗaukar bidiyo, da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone, kason da aka ware da safe ya kasa da azahar. Idan ram ya yi ƙaranci Android tana kashe manhajojin da ke bayan fage, wasu kamfanonin waya kuma suna ƙara nasu tsananin a kai, shi ya sa kana sauraron karatu, ka kashe allo ka sa a aljihu, sai ka ji shiru. Wanda ya yanke wannan hukunci yana kare batirinka ne, amma bai san abin da ka fi so a kare ba.

Tambayoyin da ke nan na gaske ne, kuma ba sa buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Idan batir ya rage kashi goma, ɗaliba tana tsakiyar darasi ta intanet, me ya kamata waya ta fara sadaukarwa, ingancin hoto, yawan hotuna a sakan, ko hoton gaba ɗaya a bar murya? Yaya girman randa ya kamata ya kasance a sabis ɗin da ke yankewa na sakan biyar, ba na milisakan hamsin ba? Yaya za a ware kaso a kan furosesar da ƙarfinta ya dogara da zafin rana? Jami'ar Ahmadu Bello, da ke nan tun 1962, tana da sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniyan kwamfuta, ga cibiyar da ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya taɓa shugabantar jami'ar. Ga kwalejin Nuhu Bamalli. Rubutun Linux da na asalin Android a buɗe suke, kowa na iya karantawa ya canja. Kayan awo irin su Perfetto, da ke nuna wanda ya hau furosesa a kowane milisakan, kyauta ne. Abin da mai bincike a Kambirij ba shi da shi, wato waya mai ram gigabait biyu a zafin bazara a kan sabis mai zuwa yana tafiya, mu a aljihunmu yake.

Ƙanena yana aji uku yana karatun kwamfuta, yana neman abin da zai yi aikin kammalawa a kai, ya fi karkata ga manhajar ajiye sunayen ɗalibai kamar yadda abokansa da yawa suka zaɓa. Na ba shi tsohuwar wayata da kebul, na ce ya kunna karatu guda mai tsawon sa'a ɗaya sau uku: da asuba a ɗaka, da azahar a tsakar gida, da azahar kuma tana caji. Kowane karo ya ɗauki bayanan Perfetto ya ƙirga sau nawa sauti ya rasa wa'adinsa, ya kuma duba wa ke kan furosesa a daidai lokacin. Ya ce, "Yaya, wannan ai awo ne kawai, malaminmu zai karɓa?" Na ce ya kai masa jadawalin farko tukuna. Ranar Asabar mai zuwa zai fara da na asuba.